Taku Uku a Miraflores

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo
a wani ɗan shago cikin Barranco,
ido ɗaya a gilashi, kai a sunkuye,
ina ƙirga ƙananan haƙoran ƙarfe.
Ban taɓa wuce matakala ta huɗu a kan tsani ba.
Idan ƙwan lantarki ya mutu
Zoila ce ke hawa kujera,
ni kuwa in riƙe ƙafafun kujerar.

Bara Zoila ta rasu.
Ƙwan falo ya mutu a watan Yuni,
na yi ta zama cikin duhu
ina cewa ai hasken titi ya ishe ni.

Cikin akwatin ɗinkinta, ƙarƙashin maɓallai,
na tarar da tikitin tashi da laima
daga bakin dutsen Miraflores.
An biya tun tuni. Sunana a kai, Eusebio,
sai rubutunta mai karkata hagu:
"Ko sau ɗaya."

Sau uku na je, sau uku na dawo.
Na farko na ce sama ta yi duhu.
Na biyu na ɗora wa gwiwata laifi.
Na uku ban ce komai ba,
na sayi kofi, na zauna a benci
ina kallon masu hankali
suna gudu zuwa inda ƙasa ta ƙare.

Yau ga ni.
Maricielo ce matuƙiyar, ko sa'ar ɗiyata ba ta kai ba,
tana ɗaure ni da igiyoyi a cinya da kafaɗa.
Na ce mata cikina ya ɗuri ruwa.
Ta ce, "Ba sai tsoron ya tafi ba, kawu.
Gudu kawai. Kada ka zauna."

Yawun bakina ya ƙafe.
Zuciyata ta zama agogon da ya ɓaci,
tana gudu, ta bar lokaci a baya.
Can ƙasa motoci na jan ciki a titin gaɓa,
teku tana ɗinka farin leshi tana warwarewa.

Taku ɗaya: ciyawa.
Taku biyu: ciyawa, da takalmina na zuwa coci.
A na uku ƙafata ta nemi ƙasa
ta tarar babu.

Na kurma ihu, ba zan ɓoye ba.
Na kira Zoila, na kira uwata, na zagi iska.
Sai igiyoyi suka riƙe,
sai shiru,
irin shirun shago idan duk agogo sun tsaya.

Tsoron bai sauka ba.
Ya zauna a cinyata kamar tsohuwar kyanwa,
muka tashi tare.
Kwasakwasa biyar suka wuce ta ƙarƙashinmu.
Ta ƙarƙashi!
Ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba,
ashe akwai wani ruwan toka a can
da ba a gani daga benci.

Minti goma, in ji Maricielo.
Ni da na ci abinci da daƙiƙa duk rayuwata
ban dubi wuyan hannuna ba.

Na sauka a gindi, wando ya yi kore.

Da yamma na biya kanti, na sayi ƙwai mai wat sittin.
Na ja kujerar tsakiyar falo.
Tana rawa, ƙafafuna na rawa,
babu mai riƙewa.
Na hau.