Ƙarfe Shida da Kwata

Saƙon Baba Jibo ya shigo daga ƙarƙashin gada:
"Ɗari huɗu da sittin da biyu. Ruwan ja ne."
Na ture kofin shayi, na buga lambar.
Jiya na'ura ta ce da hamsin da tara za a tashi.
Ta kuskure da santimita uku,
faɗin yatsu biyu,
ta karɓi gyara, ko fuska ba ta ɓata ba.

A jami'a miƙaƙƙen layi aka koya mini:
zuba mudu biyu, kwashi mudu biyu.
Kogin Isa bai zauna ajin nan ba.
Ruwan dare ɗaya a kan ƙasa mai ƙishi,
shiru kake ji.
Irinsa a kan ƙasar da ta ƙoshi,
kafin azahar mutanen Saga
na ɗaure katifu a amalanke.

Sai na daina kafa masa doka.
Na ce wa na'ura: duk safiyar da ta zo,
tambaye ta, da wa kika yi kama?
Kwanakin baya su jeru.
Wanda ya fi kama da ita a ba shi babbar murya,
na nesa ya yi raɗa,
a haɗa bakinsu a faɗi gobe.

Wahalar tana wurin awon kama.
In na ƙuntata, kowa baƙo ne, ba ta san kowa ba.
In na buɗe da yawa,
rani da damina sun zama ƴan ɗaki ɗaya.
Wata bakwai ina murɗa wannan ƙulli
kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo.

Ga rumbun ƙarami, kwana ɗari biyu yake ɗauka.
Ranar da ta zo da sananniyar fuska,
a gaisa, ta wuce.
Baƙuwar rana a shimfiɗa mata tabarma,
a sallami wata.

Shekaranjiya na leƙa in ga wa aka sallama.
Sha ɗaya ga Maris,
ranar da na haifi Haulatu.
Kogi bai yi abin faɗa ba ran nan,
akwai irinta talatin.
Amma daren da katangar inna ta zauna a Kirkisoye
yana nan daram, shi kaɗai a kusurwarsa,
ba a sami mai kama da shi ba.
Allah ya sa kada a samu.

Wuta ta ɗauke. Waya ta yi ƙara.
Baba Jibo ne: "Ƴata, ruwan yau da warin Sirba,
gobe zai hau."
Na duba allona,
ba ni da gurbin wari.

Na rubuta maganarsa a bayan takardar kuɗin wuta.
Gobe, shida da kwata,
ɗayanmu zai karɓi gyara.