Matakala ta Casa'in da Huɗu

Shekara ashirin da shida ina hawan tuddan Valparaíso
da tukunyar gas a kafaɗa,
ina ƙwanƙwasa ta da guntun ƙarfe don mata su leƙo ta taga,
ban taɓa yi wa ƙafata sannu ba.
Kafaɗa nake yabo, baya nake shafa wa mai.

Ran nan an kwana ana yayyafi.
A matakala ta casa'in da huɗu,
inda Doña Herminia ke watsa ruwan wankin kifi,
ƙafar dama ta yi gabas, ni na yi yamma.
Na ji ƙas, kamar an karya rake a gwiwa.
Tukunyar ta riga ni sauka,
tana gaishe da gidaje ɗaya bayan ɗaya,
sai ƙofar mai gyaran takalma ta tare ta.

Na ce targaɗe ne.
Na ɗaure da tsumma, na kwana biyu ina musu da kumburi,
har yatsun suka ɗauki launin teku da magariba.

Likita Oyarzún ta ɗaga hoton ƙashin ga fitila.
Ta ce, dubi nan, da nan, ga na uku a baya.
Ran nan na fara ganin abin da ke ɗauke da ni:
'yan ƙasusuwa kamar tsakuwar bakin ruwa,
an jera su ba laka ba siminti.
Ashe a kan wannan na ɗora kuɗin haya,
da na makarantar Maite,
da duk cika bakin da nake yi ranar Asabar.

Ƙarfe ɗaya suka sa, kusoshi bakwai.
Maite ta ce na fi ƙyauren gidanmu tsada.

Sati takwas ba taka ƙasa.
Gidana kuwa a ƙolin tudu yake,
mutum huɗu suka hau da ni bisa kujera, suna haki, suna zagina cikin raha.
Daga taga nake ƙirga jiragen ruwa,
ina jin wani yaro yana buga tukunya a layina.
Kiɗan bai iya ba. Sauri yake yi.
Amma tagogin suna buɗewa.

Da aka kwance ɗaurin, ban gane ta ba,
ta rame, fata na saɓa, ta sandare kamar baƙuwar da ba ta jin yaren gida.
Aka ce in rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa,
ni da na bar aji uku ban waiwaya ba.
Na rubuta sunana, Eusebio, agara tana ja, gumi na keto mini.
Ba a taɓa rubuta shi da tsada haka ba.

Yau na sauka, sanda a hagu, bango a dama.
Diddige tukuna, sannan tafi, sannan yatsu,
kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci.
Na iso wurin. Dutse ne kawai, bai ma tuna ni ba.

Doña Herminia ta fito da kwanon romo a rufe,
tana kallon sandata, ta kasa kallon idona.
Na ce ta kwashe shanyarta kafin azahar.
Ta dubi sama, garau, ta ce wa ya gaya maka?
Na nuna mata idon sawuna.