Kukun Bataliya

Kakana Talle kuku ne a yaƙin basasa.
Wata talatin yana bin bataliya da tukunya a ka,
bai taɓa harbin ko kurciya ba.
Ya dawo Fagge da kaki ɗaya, da tari,
da ƙafar da ruwan kudu ya cinye tsakanin yatsunta.

Ina yaro, in na matsa masa, yakan ce:
"Yaƙi jira ne, ɗan nan.
Jiran mota, jiran gishiri, jiran wasiƙa.
Ƙwarƙwata ta fi harsashi yawa.
Abokina Cindo zawo ne ya kashe shi,
kwana huɗu yana kiran innarsa
a gindin bishiyar da ba mu san sunanta ba."
Sai in yi hamma.
Wa zai kai wannan labari makaranta?

Mu namu yaƙin yana gidan kallon Ɗanliti:
naira ashirin, benci, ƙarar janareto.
A can mutum ɗaya ke share runduna,
bam ya tashi a bayansa, ko waiwaye ba ya yi.
Jini ja wur, babu ƙuda.
Mai mutuwa sai ya gama jawabi
sannan ya rufe ido, kiɗa na yi masa rakiya.
Abokan gaba ba su da uwa, ba su da suna,
zuba kawai suke kamar mangwaro a iskar bazara.

Wata rana muka ja tsohon har can.
Ya zauna a bencin baya, hula a gwiwa.
Da aka tashi muka ce, "Baba, haka ne?"
Ya daɗe yana laluben takalminsa.
Ya ce, "Waɗannan yaushe suke cin abinci?"
Muka yi ta dariya har bakin titi.

Ban san ranar da abin ya juya ba.
Na dai tarar da shi wani dare a teburin mai shayi,
samari sun kewaye shi, an saya masa mai kauri har da ƙwai,
yana cewa ya tsallake gada tana ci da wuta,
Cindo a kafaɗarsa,
Cindo da harsashi a ƙirji, yana murmushi,
yana cewa a gaida ƙasa.
Na san gadar nan.
Naira ashirin na biya na gan ta.

A hanyar gida na ce, "Baba, ba zawo ba ne?"
Ya tsaya a hasken kantin magani.
"Shekara arba'in ina faɗar na gaskiyar,
ko ruwan bunu ba wanda ya saya mini.
Kuma wallahi yanzu in na rufe ido
gadar nake gani.
Bishiyar ta fara ɓace mini."

Da azumi ya rasu.
A zaman makoki na ji ana cewa
ƙarfe ba ya cinsa, yana da layar zana,
shi kaɗai ya tsare gari guda.
Ni na zuba ruwa wajen wanka.
Ba abin da na gani
sai ƙunar tukunya a damtsen hagu
da farin nan na tsakanin yatsu.

A ƙasan akwatinsa akwai ludayin ƙarfe
wanda bakinsa ya cinye ta gefe guda,
da makullin shagon Ndubisi tela,
da ya hau jirgin ƙasa wata safiya kafin yaƙi
ya ce, riƙe mini, ina dawowa.
Wannan ba a taɓa haska shi a bango ba.

Jiya ɗana ya ɗago kai daga waya:
"Baba, kakanka mutum nawa ya kashe?"
Na buɗe baki.
Gadar ce ta fara zuwa.
Da ƙyar na haɗiye ta.
Na ce, ɗauko ludayin can, ka zauna.
Ka san nauyin tukunyar mutum ɗari?