Akwatin da Na Kai wa Valfrid

A Ludvika, ranar da tafki ya daskare,
na jawo akwatin kakana bisa ƙanƙara
har ƙofar Valfrid,
tsohon kafintan da ido ya riga hannu yin murabus.

Na ce, ƙarafa ne, na kasa gane kansu.
Danshi ya cinye bencin,
abin da ya rage ke nan.
Ya ce, zuba su nan, Gunnel, kada ki wanke.
Bar min tsatsar, ita ma da abin da ta gani.

Ya lalubo na farko,
sukuru mai kaurin tsintsiyar hannu,
ya bi murɗinsa da farce kamar mai ƙirga kuɗi.
Bayis ɗin ƙafa ne wannan, in ji shi:
katako ɗaya dogo, daga daɓe zuwa ƙugu,
sukuru a sama, sanda mai huji-huji a ƙasa.
Ina fegin sandar? Ya ɓata?
Haka suke, sun fi allura son ɓuya.

Na biyu gajere, da faifai a goshi mai juyawa.
Ya yi dariya har da tari.
Namu ne, na kafaɗa!
Babu sanda a ƙarƙashinsa da za ta tare hanya,
sai ka tsai da falanki ya miƙe har ƙasa
ka yanka haƙoran aljihun tebur
shi kuwa ko gezau.
Amma gwiwarsa na fitowa waje;
shekara arba'in tana dukana a kwankwaso
ban taɓa ramawa ba.

Na uku: sanduna biyu, da noti rabi.
Ya shafa haruffan da suka kumbura a fuskarsa,
uku sun saura, biyu guduma ta share.
Baƙo ne, ɗan masana'anta, jirgin ruwa ya kawo shi.
Ka murɗa baya kaɗan, muƙamuƙi ya saki,
ka ja, ka tura, ka ɗaure.
Na masu sauri ne.
Ya ajiye shi nesa da kofinsa.

Sai faranti biyu, dogaye, masu kwari a tsakiya.
Na wutsiya ne, ya ce, na ƙarshen benci,
mai matse katako kwance tsakanin fegi biyu.
Ya juya su. Ya sake juyawa.
Ya sa ɗan yatsa cikin huji, ya ciro, ya mayar.
Murhu na ta ƙas-ƙas, shi ya yi tsit.

Can ya ce, kakanki bahago ne.

Na ce a'a.
Da dama yake rubutu, da dama yake shan miya,
da dama ya sa hannu a takardar gidan nan da na gada.

Ya kama yatsana ya ɗora.
Ji nan. An toshe hujin asali da gubar dalma,
an fasa sababbi da hannu, a ɗaya gefen.
Mai dama wutsiyarsa na dama.
Wannan a hagu ta zauna,
kuma ta daɗe, ji yadda leɓen ya side.

Sai na tuna rubutunsa, kamar kaza ta bi ta kan laka.
Na tuna ƙullin yatsunsa na hagu, masu fararen tabo,
da ya ce min ƙofar makaranta ce ta datse.
Na tuna rumfar aikinsa
da sakatarta take ta ciki.

Kofi ya huce. Rana ta faɗi tun ƙarfe uku.
Valfrid ya ce, kananzir kwana biyu, sai buroshin waya,
amma kada ki goge hannun sukurun.

A hanyar gida na tsaya ƙarƙashin fitilar titi,
na cire safar hagu da haƙori,
na kama sandar nan mai sanyi.
Babban yatsana ya faɗa wani ɗan gurbi
da ya fi shi faɗi kaɗan.