Gurbin Ranar Laraba

Littattafai uku Baba Tanimu ya ba ni,
na 'yan makaranta, masu jan bango,
ɗaure da robar taya.
Damina goma sha ɗaya yana sammako gindin gada,
ya dubi inda kogin Kaduna ya kai a jikin ginshiƙi,
ya rubuta.
Ba wanda ya sa shi. Masunci ne a Kabala.

Ni kuwa ɗaki guda a Unguwar Mu'azu,
kwamfuta mai batirin minti arba'in,
da burin gina manhaja
da za ta ce wa mazauna bakin ruwa:
ku ɗage katifa, yau ba kanta.

Na zaci aikin rubuta umarni ne.
Ashe tsintar tsakuwa ne a shinkafa.
Nan ya auna da taƙi, can da kamu,
wata shekarar ya ari tef ɗin tela ya koma inci.
Bakwai ɗinsa da ɗayansa uwa ɗaya uba ɗaya.
Mako biyu ina koya wa awo harshe guda.
Na asali na kwafe, na ajiye, ban taɓa shi ba,
mai gyara a kan asali
manomi ne da ya dafa irinsa.

Waƙafi ɗaya ya cinye min daren Talata.
Na buɗe baka ban rufe ba,
na'ura ta turje.
Ba ta da kara, ba ta karɓar "ai ka gane".
Ta watso jan rubutu, na bi shi daga ƙasa,
layi na tamanin da huɗu, ga ɓarawon.
Na gyara, na adana, NEPA ta ɗauke.
Na yi dariya cikin duhu: yau na riga ki.

Da na zana, sai ruwa ya miƙe a kan allo,
Yuli hawa, Agusta tudu.
Launi bakwai na zuba,
Ladidi ta leƙo ta ce atamfar wa nake talla.
Na rage zuwa uku.
Na fara ma'auni daga sifili,
zanen da ya fara daga tsakiya
allura yake mayarwa garma.

Amma akwai rami a tsakiyar Satumba.
Laraba guda, ba lamba, ba ɗigo.
Umarni ɗaya ya isa in cike shi da matsakaici,
jiya da gobe a raba biyu, a wuce.
Yatsana ya ƙi.
Na hau keke Napep zuwa Kabala.

Yana ɗinkin taru, bai ɗago ba.
Ya ce: ran nan ba ginshiƙi, yaro.
Ruwa ya shanye shi, ya shanye ɗakina,
ina kan kwanon maƙwabci, jikata a wuya.
Me zan auna?

Na dawo na bar gurbin yadda yake.
Babu ba sifili ba ce.

Gwaji a wayar Inna Kande na yi,
fuska a tsage, ciki cike da hotunan biki.
Ta ƙi buɗewa. Na rage mata nauyi.
Na koya mata aiki ba sabis,
na faɗaɗa madanni don yatsan da ya sha wanki,
na sa murya saboda wanda boko bai ratsa gidansu ba.

Jiya na kai wa Baba Tanimu.
Ya riƙe wayar nesa da ido.
Allo ya ce rawaya, a yi hattara.
Ya shafa gwiwarsa ta hagu, ya dubi gabas,
ya ce: ƙara taƙi guda kafin asuba.

Ban yi musu ba.
Na buɗe sabon shafi a jadawali,
na sa masa suna gwiwar Baba,
ina jiran gari ya waye.