Zoben Goggo Dudu

A rumfar Baffa Gidaɗo, bayan Tsohuwar Kasuwar Gombe,
na fara sanin zinare tsantsa rago ne:
ka danna masa farce, ya ba ka hanya.
Sai an zuba masa jan ƙarfe, an yayyafa azurfa,
kafin ya iya zama a yatsan mai daka.

Ina ɗan sha huɗu Baffa ya tafi jana'iza Kwami,
ya bar mini zoben Goggo Dudu in faɗaɗa.
Na buga, ya miƙe. Na buga, ya miƙe.
Na buga, ya yi gardama.
Na ce ni za ka yi wa taurin kai?
A bugu na tara ya ce ƙas,
ya buɗe baki kamar kaushin diddige.

Baffa bai zage ni ba. Zagi ya fi sauƙi.
Ya saki labulen buhu, rumfa ta yi duhu,
ya ce, ja zugazugi, ka zuba ido.
Ba jan wuta ake jira ba,
jan goron da aka tauna aka tofar.
Ka wuce nan, fatarsa ta koma ɓawon lemo,
ka gaza nan, gajiyarsa na nan a ciki.
Ja ya dushe, awartaki, ruwa,
cuu!
Ya lanƙwasa shi da yatsa biyu kamar ganyen rama.

In ka bar shi ya huce da kansa fa?
Ya ce, mai jan ƙarfe da yawa riƙo gare shi.
Ya huce a hankali, ya shirya cikinsa sahu-sahu,
gobe ka taɓa shi ya karye maka.
Amma in aiki ya ƙare, ka binne shi a toka mai ɗumi,
wannan riƙon shi zai hana shi lotsewa a taɓarya.

Bayan shekara bakwai, a ɗakin gwaji a Bauchi,
na goge guntu, na ɗiga masa ruwa mai ci,
na leƙa ta madubi.
Sai ga gonaki, kamar na hau Dutsen Bima ina kallo.
Wanda ya sha guduma, kunyoyi ne dogaye a matse,
ba inda ɗan akuya zai sa ƙafa.
Wanda ya sha wuta, sababbin fegi, kowa da iyakarsa.
Wanda ya daɗe a wuta, manya sun cinye ƙanana,
gandu uku kawai, iyaka duk ta yi rauni.

Na kawo wa Baffa hoton a waya.
Lokacin yana ta rufe masa ido.
Ya shafa gilashin da babban yatsa,
ya ce, ba na gani, miƙo guntun.
Ya sake shi a kan maƙera, ya karkata kunne.

Wannan, in ji shi, ka bar shi ya daɗe.
Hira kake yi?