Ƙyauren Nomau

Ni ne mai walda a bakin hanyar Ƙwanni,
rumfata kwano huɗu ce da dirka shida.
Duk wanda ya dawo Tawa daga Abijan da nauyin aljihu
ni yake fara nema, tun bai gai da liman ba.

Nomau ya zo ran Lahadi, kasuwa na ci,
da agogo mai faɗin bakin kofi.
Ya ce, "Zaki nake so, guda biyu, suna duban juna,
tauraro a bisa, māsu a jere,
tsawon ya ɗara na Alhaji Arzika da kamu ɗaya."
Na ce, "Ka taɓa ganin zaki?"
Ya ce, "A jikin kwalin ashana."
Ni ma can na san shi.
Muka yi dariya, muka yi ciniki.

Kwana goma sha tara ina lanƙwasa ƙarfe.
Geza da guntayen rodi,
ido da kan ƙusa,
wutsiya ta bar mini tabo biyu a yatsa.
Da dare idona kamar an zuba yashi,
Tamo na ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma tana mita.

Ran da aka kafa shi a Wadata
mai tallan nono ta tsaya da ƙwarya a ka,
ɗan kabu-kabu ya rage gudu,
maroƙa suka ƙara wa Nomau kirari.
Wurin suna aka tashe shi daga tabarma
aka zaunar da shi bisa kilishi, kusa da manya.

Ba wanda ya tambayi abin da ke bayan ƙyauren.
Ni na ɗaura shi, ni na gani:
bulo jeri bakwai,
ramin tushe da damina ta cike,
tumfafiya, da akuya mai ƴaƴa biyu.
Kuɗin ɗaki zaki ya cinye.

Ubana Ɗan Gado maƙerin hauya ne.
Bai san ado ba, sai ɗigo uku
da yake bugawa a wuyan kowane ƙarfe kafin ya huce.
Ina yaro na tambaye shi.
Ya ce, "Na farko ruwa, na biyu hatsi."
"Na uku fa, Baba?"
Ya ce in ja zugazugi, wuta na mutuwa.
Manoman Adar kan laluba da babban yatsa
cikin duhun asuba,
in sun ji ukun sai su saɓa, su kama hanya.

Damina huɗu.
Nomau ya koma biɗa, wannan karon ta arewa,
waya ta yi ta shiga, daga baya ta daina.
Jiya ƙanensa ya zo da amalanke,
zakuna kwance rigingine, tsatsa ta ci musu baki.
Bai dube ni ba. Ya ce, "Nawa kilo?"

Sikeli bai san zaki ba.
Ɗari da sittin da uku ya ce,
daidai da abin da zai ce wa tsohon ƙarfen mota.
Na biya, na ƙara jika biyu
da ban gaya wa Tamo ba.

Yau tun safe nake yanka.
Māsu za su zama ƙafar benci a lekwal,
tauraro na jefa cikin buhu, ban san aikinsa ba tukuna.
Ƙirjin zaki ɗaya ya isa murhu
ga Baraka mai tuyar ƙosai a tasha.
Ta ce kada in yi masa kwalliya,
dai ya zauna daram, kada ya kifar mata da mai.

Na juya shi ta ƙasa, inda toka za ta rufe.
Na ɗauko tsinken Baba daga gwangwani.
Na buga ɗaya.
Na buga biyu.
Guduma na sama, hannuna ya tsaya,
yaron shago na dubana, yana jiran in faɗa masa wani abu.